Gato a Rugar Inna Kadijatu

"Ba ki hita gidan ga da tukunyag ga."

Gwaggo Zaliha ce ta faɗi haka, tana tsaye a bakin zaure ta riƙe ƙugu. Ita ta riƙi Hindatu tun ranar da uwarta ta rasu, kuma duk garin Azarori an san idan ta ce a'a, sai dai mutum ya koma ya sake shawara.

Hindatu ba ta ɗago kai ba. Ta ci gaba da ɗaure tukunyar dalma a cikin tsohon zane, kwanon gashi a ciki, murfi a kife.

"Gwaggo, na yi mai alkawali."

"Alkawalin mi? Ki tahi ruga a zuba miki ido kamar wadda anka kama da akuyar mutane? Ga Mutari mai albasa, sau huɗu yana aiko manya, uwatai har gida ta zo tana roƙo. Ke ko kin nace sai gidan da anka ce miki jikar matsahi."

"Muttaka nika so, Gwaggo."

"Shi ɗin yana ina lokacin da uwatai ka zagin kakanki?"

Hindatu ta ƙara ɗaure bakin zanen tamau.

Maganar ta samo asali ne daga kasuwar Madawa. Shekara biyu ke nan da Hindatu ta koyi yin gato, wato kek, a wurin koya wa mata sana'a, ba a murhun zamani ba, a tukunya, garwashi sama da ƙasa. Na shokola ne ya fi karɓuwa. Takan yanka shi gunduwa-gunduwa ta jera a faranti ranar kasuwa. Muttaka kuwa Bafulatani ne daga wata ruga kusa da Karofane, suna noma suna kiwo. Ya kawo bijimi sayarwa, ya sayi yanka ɗaya, ya dawo ya sayi biyu. Kasuwar da ta zagayo ya sake zuwa, babu bijimi babu ko ɗan akuya, sai sabuwar riga da fara'a.

Wata takwas ana haka, sannan ya gaya wa uwarsa Kadijatu cewa ba zai auri Naja'atu 'yar kawunsa ba, wadda aka daɗe ana yi masa tanadi.

Kadijatu ta sa aka bincika. Masu kai rahoto ba su taɓa dawowa hannu wofi ba. Suka ce mata ɗanta ya ci wani baƙin abu daga hannun Hindatu, jikar Maiguwa. Shi Maiguwa shi ne mutum na ƙarshe a unguwarsu da ya yanka baƙin bunsuru a gindin dutse kafin ruwan farko, irin na aznan da. Ya tuba, ya yi salla shekara ashirin, ya mutu da carbi a hannu. Amma mutane bunsurun suka riƙe, carbin ba wanda ya tuna da shi.

Shi ne Kadijatu ta gindaya sharaɗi. Yarinyar ta zo ruga ta yi abin a gaban idonta, daga farko har ƙarshe. In ya fito tsarkakke, za ta bari a aika manya. In ba haka ba, kowa ya kama gabansa.

Gwaggo Zaliha ta daɗe tana kallon yarinyar da ta goya. Daga nan ta ja tsaki, ta shiga ɗaki ta fito da mayafinta.

"Ba don na yarda ba. Don kar su ci namanki ɗanye ba mai hwaɗa musu."

Kabu-kabu biyu suka hau. Hantsi bai gama ɗagawa ba suka isa inda hanyar ruga ta rabu da ta mota, gero kore shar hagu da dama. A gindin wata aduwa Muttaka yake tsaye, sanda a kafaɗa, shanu sun yi gaba. Wani jan kare siriri yana zaune a ƙafarsa.

Gwaggo Zaliha ta amsa gaisuwarsa da ƙyar, ta matsa gefe, amma ba nesa da inda kunnenta zai kai ba.

"Ina za ka da shanu?" in ji Hindatu. "Na ɗauka kana nan."

Ya sunkuyar da kai. "Inna tac ce in kai su tabki, kar in komo sai la'asar. Tac ce in ina wurin, idona zai hana ta gani."

"Ka yarda?"

"Uwata ta, Hindatu. Yaya zan yi?"

Idonta ya ciko. "Ni ɗaya za ka bari cikinsu? Kwana ukku ban yi barci ba. Kowa garinmu dariya shikai mani, wai za ni jarabawa ruga. Na jure don na san in na ɗaga kai zan gane ka."

"Yini guda na. Yini guda, mu huta har abada." Ya matso kusa da ita. "Wallahi ko duniya duka ta taru tac ce kin yi mani wani abu, ni na san zuciyata. Ba wanda ya sa ni. Ni na gane ki na so ki."

Ta share hawaye da bakin mayafi. Ta yarda da shi, don mai so ba ya wuyar yarda.

Muttaka ya duƙa ya shafa kan karen. Sunansa Barsu. Tun yana ɗan kwikwiyo ido a rufe ya tsince shi a bayan kasuwar Buza, ya raine shi da nonon da ya kamata shi Muttaka ya sha. Sau biyu karen yana korar dila daga cikin maruƙa, har yanzu da tabon a kunnensa.

"Koma gida, Barsu. Tsare mani maruƙa, ka tsare mani baƙuwa."

Karen ya wuce gaba yana kaɗa wutsiya, su kuma suka bi shi.

A gaban bukkarta suka tarar da Kadijatu, doguwa, busasshiya, zaune a kan tabarma, mata wajen bakwai kewaye da ita. Naja'atu tana zaune dama da ita, ta sha kwalli da 'yan kunne kamar ranar salla. Ba a shimfiɗa wa baƙi komai ba.

Hindatu ta durƙusa har ƙasa. "Inna, ina kwana."

"Ban haihe ki ba. Kwance kayanki."

Gwaggo Zaliha ta buɗe baki, Hindatu ta taɓa mata ƙafa. Ta kwance ƙullin ta jera komai a kan zane: garin alkama, sukari, ƙwai, mai, madarar gari, gawayi a leda, ɗan farin garin lebir mai sa gato ya tashi, da sabon gwangwanin garin kakawo na yin shokola, wanda ko buɗe shi ba a yi ba. Da gangan ta sayo sabo.

Kadijatu ta riƙa nunawa da tsinken sakace, ba ta taɓa komai da hannu ba.

"Ƙwan ga, a kwashe. Muna da na zabi. Man ga, a kwashe, ga man shanunmu. Madarar gari cikin ruga? Zagi na ko mi? A kawo ta sahe. Gawayin ma ban yarda da shi ba, ban san inda ya kwana ba."

Aka kwashe. Garin alkama da sukari sai da wata tsohuwa ta tankaɗe su sau biyu tana neman laya ko gashi. Lebir ɗin aka sa Hindatu ta lasa, ta lasa.

Saura gwangwani.

"Ke da kinka yi karatun boko a lakwal," Kadijatu ta ce da Naja'atu, "karanta muna."

Naja'atu ta juya shi a hannu, ta karanta Faransancin a hankali. Ta san sarai abin da aka rubuta, kuma ta san gaskiya ne. Ta taɓe baki, ta dubi gwaggonta Kadijatu.

"An rubuta kakawo. Amma Gwaggo, takarda ai ba ta gardama. Mai aiki da iskoki, rufin gwangwani ka hana shi?"

Matan suka gyaɗa kai. Aka fasa rufin. Tsohuwar nan ta dangwala yatsa ta kai baki, nan take ta tofar tana yamutsa fuska.

"Ɗaci kamar sassaƙen maɗaci. Wanga ba abinci ba na."

"Sai an sa sukari, Inna," in ji Hindatu. "Ɗiyan itace na, can ƙasashen gabar teku aka noma shi. Duk wanda ya tahi biɗa Abijan ya san shi."

"Mu ba mu tahi ba," in ji Kadijatu. "Hwara."

Da ta nemi wuta, sai aka turo mata busasshen kashin shanu a kwando, ana ƙunshe dariya. A nan Gwaggo Zaliha ta kasa haƙuri.

"Kun hana ta gawayinta, kun ba ta abin da ba shi riƙe wuta, don abu ya lalace ku ce Allah ya kama ta. In gaskiya kuka biɗa, ku ba ta icce. In ko wulaƙanci kunka kira mu, ku hwaɗi, mu ma mun iya."

Kadijatu ta dube ta sama da ƙasa, ta yi magana da Fulatanci. Aka kawo itacen bagaruwa.

Hindatu ta hura wuta a gefe ta bar ta ta ci. Kafin itacen ya zama garwashi ta zuba yashi mai tsabta a gindin tukunya, kaurin yatsa biyu, don kada zafi ya taɓa kwanon kai tsaye. Ta shafe kwanon da man shanu. Ta fasa ƙwan zabi takwas a ƙwarya, ta zuba sukari, ta kama bugu da maburgi har hannunta ya yi tsami, ƙwan ya yi fari ya kumbura. Duk wannan ido goma sha shida na kanta. In ta sosa hanci sai an yi ƙus-ƙus.

Ta ɗebi kakawo cokali huɗu, ta mayar da murfin gwangwani.

"Tsaya," in ji Kadijatu. "Don mi kinka ruhe?"

"Iyakar abin da aka sawa ke nan. Gwangwanin ga gato huɗu shika yi."

"A'a. Yau kin rage mai ƙarhi don muna kallo. Wanda kinka ba yaron nan, wa ya san nawa kinka zuba?" Ba ta taɓa kiran sunan Muttaka ba, ɗan fari ne. "In abin banza na kamar yadda kinka ce, juye shi duka."

"Zai yi ɗaci, Inna."

"Kun ji ko? Tsoro takai."

Hindatu ta dubi gwangwanin. Tun safe take haɗiye magana, wannan ta ƙi haɗiyuwa. Ta cire murfin, ta kife gwangwanin a cikin ƙwarya, ta bubbuga gindinsa har ya koma fanko, sannan ta mirgina shi ya tsaya a gefen tabarmar Kadijatu. Ta san ta yi rashin kunya, kuma a lokacin ta ji daɗin yin ta.

Kwaɓin ya yi tauri, ya yi baƙi ƙirin. Ta ƙara madara, ta ƙara man shanu, ta juye sauran sukarin gaba ɗaya, ta yi ta juyawa har ya saki. Ta zuba a kwano, ta zaunar da shi a kan yashin. Ta ja garwashi kaɗan ta baza tsakanin duwatsu uku, ta ɗora tukunya. Murfin ta kifa shi ciki ya zama kamar faranti, ta jera masa garwashi a kai, ninki biyu na wanda ke ƙasa. Wanda bai iya ba shi ke cika wuta a gindi, ya sami ƙonanne a ƙasa ɗanye a sama.

Daga nan sai jira. Lokaci-lokaci takan kama kunnen tukunya da tsumma ta juya ta kaɗan, ta busa tokar da ta rufe garwashin sama, ta sake wanda ya mutu. Zufa na zuba daga goshinta, ba wanda ya ce mata ga ruwa.

"Buɗe mu gani," in ji Naja'atu.

"In anka buɗe yanzu, hwaɗuwa shikai."

"Ko dai akwai abin da ba ki so a gani yana motsi ciki."

Hindatu ta ɗago ta dube ta ido cikin ido, karo na farko. "In ya nuna za ki gani. Ke ma ai jira kika yi, kin iya shi."

Wata daga cikin matan ta yi dariya ta maza ta rufe baki. Naja'atu ta haɗe rai, kuma daga wannan lokaci ta ƙudura sai ta rama.

Can sai ƙamshi ya tashi. Ya cika rugar, ya bi bukkoki, har maruƙa suka ɗaga hanci. Matan da suka zo kallon asiri suka shiga haɗiyar miyau a ɓoye. Ni dai na tabbata da a kasuwa ne da an yi layi.

"Kun ji ko?" in ji Kadijatu a hankali. "Da wanga anka kama mani yaro."

Hindatu ta kwashe garwashin sama, ta ɗaga murfi, ta soka tsinke a tsakiya. Ya fito a bushe. Ta bar shi ya huce, ta kife kwanon a kan faifai. Gato ya sauko sumul, baƙi, yana sheƙi, ko gefe bai kama ba. Duk da tashin hankalin da take ciki sai da ta ji alfahari, don ba ta taɓa yin wanda ya kai shi kyau ba.

Ta yanka ta ci. Ya yi ɗaci-ɗaci amma ya ciyu. Gwaggo Zaliha ta karɓi nata ta cinye tana harare-harare.

Hindatu ta ɗora yanka mafi kyau a murfin kwano, ta durƙusa ta miƙa wa Kadijatu.

Kadijatu ba ta ko kalli hannun ba. "Ke kinka haɗa, ke kin san makarinai. Cinku ba shaida ba na."

"To wani ya ci cikinku."

Aka dubi juna. Kowace ta sami abin kallo a ƙasa.

"Gwaggo," in ji Naja'atu da murya mai laushi tana duban Kadijatu, "a ba Barsu mana. Kare ba shi munahunci. In akwai abu ciki, jikinai zai hwaɗa."

Gwaggo Zaliha ta miƙe tsaye. "Abincin da ɗiyata ta yini tana yi za ku ba kare?"

"Karen yaron nan ya hi mutane da yawa daraja wurina," in ji Kadijatu. Ta juya ga Hindatu. "Ga maganata, kowa shi ji. In karen ga ya kai la'asar lahiya lau, ran Juma'a manya na gidanku. Ban taɓa maida magana ba."

Hindatu ta ji wulaƙancin har cikin ƙashinta. Amma ta ji Juma'ar ma. Ta ɗauki faifan da hannunta ta ajiye a ƙasa.

Barsu kare ne da ya saba da ƙanzo da ruwan tsari. Bai taɓa sanin akwai irin wannan a duniya ba. Kafin a ce wani abu ya lamushe gaton nan gaba ɗaya, ya lashe faifan, ya koma inuwar garken maruƙa ya kwanta.

Aka yi azahar. Hindatu da gwaggonta suka yi salla a gefe, a kan mayafansu. Ta lura Kadijatu na kallon yadda take sujada, kamar mai neman kuskure, kuma ba ta samu ba. Rana ta karkata. Karen ya tashi ya sha ruwa ya dawo. Matan suka fara gajiya da gaba, wata har ta matso tana tambaya ko ana iya yin abin da garin gero.

Inuwar bukka ta kai rabin fili sa'ad da Kadijatu ta yi magana da Fulatanci. Wata mata ta shiga ta fito da tabarma da ƙwaryar kindirmo, fara tas, da ludayi biyu. Ta ajiye a gaban baƙin.

Duk wanda ya san Fulani ya san abin da wannan ke nufi. Tun safe aka hana su nono, abin da ba a hana ko maƙiyi. Gwaggo Zaliha ta saki ajiyar zuciya. Hindatu ta kai hannu ga ludayi cike da murna.

Sai maruƙa suka watse.

Barsu ne ya zabura yana zagaye garken da gudu, harshe waje, yana haki kamar wanda ya yini yana farauta. Ya tsaya, ya yi amai baƙi. Ya sake zabura, ƙafafunsa na baya suka harɗe, ya faɗi, ya tashi, ya sake faɗuwa. Duk jikinsa ya ɗauki ɓari.

Abin da babu wanda ya sani a rugar nan, har da ita Hindatu, shi ne shokola guba ce ga kare. Mutum zai ci ya yi santi, kare kuwa jikinsa ba ya iya fitar da ita, sai ta taru ta bugi zuciyarsa. Cokali huɗu da wataƙila amai kawai zai yi ya warke. Gwangwani guda aka ba shi, da umarnin Kadijatu da zuciyar Hindatu. Amma a wurin babu likitan dabbobi, babu mai faɗin haka. Akwai dai baƙin abu, da jikar Maiguwa, da kare yana shure-shure.

Salati ya tashi. Wata ta sa ƙafa ta ture ƙwaryar nonon daga gaban Hindatu, ya malale a ƙasa.

"Ga shi nan," in ji Kadijatu, muryarta ko rawa ba ta yi ba. "Wanga ɗana ya yi wata takwas yana ci."

"Wallahi Inna ban sa komi ba. A gabanku na yi. Ku kunka ba ni ƙwai, ku kunka ba ni mai."

"Garin kakawon, wa ya kawo shi?"

"Mu ma mun ci," in ji Gwaggo Zaliha. "Ga mu tsaye."

"Shi na abin da nika hwaɗi," in ji Naja'atu. "Ku ba ya taɓa ku."

Ana cikin haka shanu suka fara shigowa. Muttaka yana bayansu da sauri, fuskarsa a sake, ya yanko wa Hindatu furen wata ciyawa ya soke a hula. Ya ga taro, ya ga nono a ƙasa. Sannan ya ga karen.

Ya yar da sanda. Ya durƙusa ya ɗora kan Barsu a cinyarsa, ya sa tafin hannu a ƙirjinsa. Zuciyar karen na bugawa kamar za ta fasa haƙarƙari. Idonsa ya kafe, amma da ya ji hannun ubangidansa sai da ya yi ƙoƙarin kaɗa wutsiya.

"Mi ya same shi? Maciji?"

"Abincinka ya ci," in ji uwarsa. "Wanda kaka tahiya Madawa ci."

Hindatu ta matso ta durƙusa a gabansa, hawaye na zuba ba ta ko sharewa.

"Muttaka, ka saurare ni. Sun sa na juye garin duka. Sun ƙi ci, sunka ce a ba shi. Ban san mi ya hwaru ba, wallahi ban sani ba. Shekara biyu ina saida shi, yara sun ci, tsohi sun ci, masu ciki sun ci. Kai kanka ka ci ya hi sau talatin. Ko ciwon kai ka taɓa yi?"

Muttaka bai ɗago ba. Yana ta shafa kunnen karen.

"Ka dube ni mana. Ka hwaɗa musu abin da ka hwaɗa mani da sahe."

Ya ɗago. Idanunsa sun yi ja. Ya daɗe yana kallonta, irin kallon da ake yi wa mutumin da aka sani a fuska aka manta inda aka san shi.

"Hindatu," ya ce a hankali, "tsakaninki da Allah. Mi kinka sa ciki?"

Kukan nata ya tsaya cak.

Tun safe ake yi mata wannan tambaya, da baki da ido da tsinken sakace, kuma duk ta ɗauka, don ba su san ta ba. Wannan kuwa ta shige ta inda babu wadda ta kai.

"Kai ma?"

"Tambaya ɗai na yi. Ki rantse mani, in ji da kunnena, sai in..."

"Na rantse ma uwarka, na rantse ma matan ga, don su baƙina na. Kai ba ni rantse maka." Ta miƙe tsaye, ta gyara mayafi. "Da ka tambaye ni ko na sha ruwa yau, da na amsa."

"Hindatu, dubi halin da shika ciki. Mi kika so in ce?"

"Ka riga ka ce."

Gwaggo Zaliha ta kama hannunta. Wannan karon ba ta yi faɗa ba, ba ta zagi kowa ba. Matan suka dare suka ba su hanya, kowace na janye zanenta kada ya taɓa su.

Suka bi ta cikin gero. Hindatu na tafiya a hankali, a hankali ƙwarai, har gwaggonta na jan ta. Duk abin da ta faɗa, kunnenta na baya. Da zai taso, da ta ji takunsa, da ta tsaya. Ita kanta ta san haka, kuma ta ji haushin kanta.

Sun kusa fita gonar sai suka ji muryarsa ta tashi daga ruga, muryar namiji da kuka ya ci ƙarfinsa. Hindatu ta tsaya, ta riƙe numfashi, tana jira ta ji sunanta.

Sunan karen yake kira.